Fayafayan Bidiyon Da Ke Cikin Akwatunanmu: Yadda Za Mu Kwashe Su Hoto Bai Ragu Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin membobi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai waɗanda suka taso takanas duk da nauyin shekaru, 'yan kwamitin zartarwa, da sauran 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da sake saduwa. Kwamiti ya ba ni minti ashirin in yi magana a kan sana'ata, watau aikin hoton bidiyo da adana shi. Na san ana jiran abinci, na kuma samu labarin cewa yau ba gabza za a kawo ba, saboda haka ba zan tsare ku ba.

Sakatare ya shaida mini cewa a cikin kabad ɗin ƙungiya akwai kwali guda cike da fayafayai da kaset-kaset na tarurrukanmu na baya. A ciki akwai jawaban malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, akwai kuma fuskokin 'yan ajinmu da aka kira sunansu ɗazu muka yi shiru. Na tabbata kowane ɗayanmu yana da irin wannan kwali a gida: bikin aure, sunan ɗan fari, walimar sauka, dawowar Hajiya daga Makka. Da yawanmu mun ɗauka tun da abin yana kan faifai, to ya tsira. Abin da na zo in faɗa shi ne bai tsira ba, kuma hanyar da galibin mutane suke bi su cece shi, ita ce take ƙarasa shi.

Bari mu fara da abin da ke hannunmu, domin ba duk faifai ne ɗaya ba. A shekarun da aka fara ɗaukar bukukuwa a garuruwanmu, kaset ɗin VHS ake amfani da shi, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Daga baya faifan VCD ya shigo, wanda aka tsara a 1993, sa'an nan DVD, wanda aka fara sayarwa a Japan a 1996, ko da yake ya ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare a nan. Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar saƙar tabarma. Hoton VCD irin na ƙasarmu ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD kuwa 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Malam mai lissafi yana zaune, ba zan yi ƙarya a gabansa ba: na farko ya kama ɗigo 101,376, na biyu 414,720, watau VCD bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na DVD ba. Babbar talabijin ta yanzu da ake kira 4K tana da ɗigo 8,294,400, ninki ashirin cif na DVD. Shi ya sa idan ka sa faifan bikinka a kanta sai ka ga fuskar amarya ta yi dishi-dishi. Ba faifan ne ya lalace ba, an shimfiɗa ƙaramar tabarma ne a babban zaure. Na kawo wannan lissafi domin mu gane cewa ɗigon da muke da shi ba shi da yawa tun asali, ba mu da rarar da za mu zubar.

To me ya sa faifai yake mutuwa alhali ba a taɓa shi ba? Faifan da ake bugawa a masana'anta, da injin hatimi ake danna rubutunsa a jikin roba, a shafe shi da gorar ruwa. Amma wanda mai ɗaukar bidiyo ya ba ka bayan biki ba haka yake ba. Shi a cikinsa akwai wani siririn shafe na rini, hasken leza ne yake ƙona rinin nan ɗigo-ɗigo, ƙunar ita ce rubutun. Juya shi ka duba, za ka ga bayansa yana ɗaukar launin shunayya ko shuɗi ko tsanwa. Kowa a nan ya san abin da rana take yi wa rini. Atamfar da aka shanya aka manta da ita a igiya, ita ce misalin faifan da aka bari a gaban mota a watan Afrilu. Zafi da haske da danshi suna cin rinin a hankali, ko yana cikin akwati, sai dai a akwati cin ya fi jinkiri. Babu wanda zai iya rantse maka cewa faifai kaza zai kai shekara kaza, domin ya danganta da kamfanin da ya yi shi, da na'urar da ta ƙona shi, da inda aka ajiye shi. A wajen aikina na ga faifai mai shekara ashirin yana karantuwa sumul, na kuma ga wanda bai kai biyar ba ya ƙi. Kuma mun san masu ɗaukar biki ba mai tsada suke saye ba.

Akwai wani bambanci da ya kamata a sani. Faifan DVD fale-falen roba biyu ne aka manne da gam, kowanne kaurinsa milimita 0.6, rubutun yana tsakiya. Idan gam ɗin ya fara saki daga gefe, ko faifan ya tsage daga ramin tsakiya, iska ta shiga, to sai yadda hali ya yi. Shi kuwa CD, wanda VCD yake kansa, rubutunsa yana can sama dab da fuskar da ake rubuta suna. Mu kuma mun saba muna lallaɓa ɓangaren da ke ƙyalli, muna kifa shi a kan tebur ta ɗaya ɓangaren. A CD, ƙarcewar saman ta fi ta ƙasan illa nesa ba kusa ba, domin ta ƙasa ana iya goge ta, ta sama kuwa rubutun ne kansa ya tafi. Wanda ya danna biro ya rubuta "Bikin Yaya" a kan VCD, ya yiwu ya huda tsakiyar bikin. Daɗin daɗawa, an tsara VCD ne da rage kariyar gyaran kuskure da faifan kwamfuta yake da ita, domin a sami wurin cusa minti 74 ko 80 na hoto. Saboda haka idan za ku jera kwalinku bisa gaggawa, ku fara da VCD.

Ko faifan bai mutu ba, abin karanta shi yana ƙarewa. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya daina a 2016. Kamfanin Sony ya daina yin kaset ɗin MiniDV da fayafayan Blu-ray na ɗauka a watan Fabrairu na 2025. Kwamfutocin hannu na yanzu galibi ba su zuwa da aljihun faifai. Tun a 2015 hukumar adana fina-finai da sauti ta Ostireliya ta yi gargaɗin cewa kaset ɗin da ba a kwashe ba kafin 2025 yana cikin haɗarin ɓacewa har abada, ga shi kuwa wa'adin ya cika. Idan gwamnati mai ɗakunan sanyi da injiniyoyi tana wannan fargaba, ina ga kwalin da ke ƙarƙashin gadonmu?

Yanzu na zo kan cibiyar maganar, ina roƙon a ba ni hankali a nan ko da an manta sauran. Abu biyu ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya: akwai kwafewa, akwai juyawa. Kwafewa ita ce ka ɗauko abin da ke kan faifai yadda yake, ba ƙari ba ragi, ka ajiye a wani wuri. Tun da rubutun lambobi ne, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Wannan ya saɓa da zamanin kaset, lokacin da kowane kwafi yake fin wanda ya gabace shi dushewa, kamar littafin rubutun ɗan ajinmu da ya kwafa daga wanda shi ma ya kwafa daga wanda ya yi barci a aji. Juyawa kuwa ita ce ka kwance hoton, ka sake matse shi da wani tsari, alal misali daga DVD zuwa MP4 domin ya shiga waya. A nan ne ake asara.

Ga dalili. Hoto irin na DVD idan ba a matse shi ba, awa ɗaya tana cin wajen gigabait 75. Faifan DVD mai shafi ɗaya kuwa gigabait 4.7 yake ɗauka, ana kuma zuba masa awa biyu. Ke nan abin da ya shiga faifan bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na asali ba. Tsarin matsewar, mai suna MPEG-2, yana yin haka ne ta hanyar zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, da kuma ƙin maimaita abin da bai motsa ba daga hoto zuwa hoto. Abin da ya zubar ya tafi ke nan, kamar naman da aka yi kilishi, ba ruwan da zai mai da shi ɗanye. Idan ka sake matsewa, sabon tsarin zai sake zubar da nasa kason daga cikin ɗan abin da ya rage. Abin da ke fara tafiya shi ne ƙananan abubuwa: aikin zare a wuyan babbar riga, zanen lalle, ƙwayar ido, fuskokin mutanen da ke layin baya, da duk abin da aka ɗauka da dare. A bidiyon taro kuwa layin bayan nan shi ne mu.

Ku dubi hanyar da bidiyon biki yake bi a yau. An ɗauka a kaset, an juya zuwa faifai, asara ta farko. An kai wa masu tura fina-finai a bakin kasuwa, sun matse awa biyu ta koma megabait ɗari biyu ko uku domin ta shiga memori, asara ta biyu. An tura a WhatsApp, shi ma ya sake matsewa, ta uku. Wani ya ɗora a Facebook, wani ya sauko da shi, ta huɗu. Sa'an nan maigida ya ga bidiyo ya shiga waya, sai ya bar wa yara faifan suna gara shi a tsakar gida. Ba na zargin yaran nan masu turi, abin da aka ce su yi suka yi, an ce a sa a waya sun sa. Amma abin da ya rage a hannun iyali shi ne mafi munin kwafi, mai kyawun kuma ya tafi.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: a kwafe tukuna, a juya daga baya, kuma kada a taɓa juya abin da aka riga aka juya. Kwafin farko shi ne uwa. Ba a gyara shi, ba a yanke shi, ba a rage shi. Duk wani na waya ko na turawa, daga jikin uwa ake cire shi.

Yadda ake fitar da uwar ba shi da wuya. Ana bukatar kwamfuta da aljihun faifai na waje mai igiyar USB, wanda har yanzu ana samu a kasuwa. Kafin a sa faifai a hure ƙurar da ke kansa, domin ƙurar hunturu yashi ce, wanda ya goge ta a bushe da gefen riga ya yi wa faifan kirji da hannunsa. A wanke da ruwa mai tsabta, ko a ɗiga sifirit, a goge da ƙyalle mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira. Rubutun a da'ira yake tafiya, ƙarcewar da ta ratsa shi na'ura tana iya cike gurbinta, wadda ta bi shi a tsaye kuwa tana shafe dogon layi. Idan ka buɗe DVD a kwamfuta za ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, a ciki akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB, su ne hoton da sautin, an yayyanka su kowanne bai wuce gigabait ɗaya ba, sai ƙanana masu IFO da BUP, su ne jagorar faifan. Ka kwashe jakar dungurungum, kada ka zaɓa. Wanda ya fi wannan shi ne ka ɗauki faifan gaba ɗaya ya zama fayil guda da ake kira ISO, da manhaja irin su ImgBurn, wadda kyauta ce. Daga ISO kana iya sake ƙona wani faifan da ba shi da maraba da na farko. Aikin faifai ɗaya ba ya wuce kwata zuwa rabin awa. A VCD kuwa jakar sunanta MPEGAV, fayilolin suna ƙarewa da DAT, shi ba ya ɗaukuwa a ISO yadda ya kamata, sai a kwashe jakunkunan, ko a yi amfani da IsoBuster a zaro hoton yadda yake.

Wani zai ce, to ni VOB ɗin nan guntu-guntu ba ya yi mini daɗin kallo, ina son fayil ɗaya. Akwai hanya, kuma ba ta rage komai. Fayil ɗin bidiyo kamar kwano ne da tuwo. MP4 da MKV da VOB kwanuka ne, MPEG-2 da H.264 su ne tuwon da ke ciki. Kana iya juye tuwo daga wannan kwano zuwa wancan, tuwon yana nan yadda aka tuƙa shi. Manhajar MakeMKV abin da take yi ke nan: ta ɗebo hoton DVD ta zuba a fayil ɗaya na MKV ba tare da ta taɓa ɗigo ko ɗaya ba. Alamar da za ka gane an yi haka guda biyu ce, aikin yana saurin ƙarewa, girman fayil ɗin kuma yana kusa da na faifan. Sake matsewa kuwa ɗumame ne. Ɗumame yana da daɗi, duk mun rayu a kansa, amma ba wanda zai ce shi ne tuwon daren jiya. Duk wanda ya karɓi faifanka mai gigabait huɗu ya miƙo maka fayil mai megabait ɗari biyar ya ce ba abin da ya ragu, ɗumame ya ba ka.

Idan faifai ya maƙale a tsakiya, kwamfuta ta ce ba za ta iya ba, kada a yi saurin shafa masa man goge baki kamar yadda ake faɗa a gari. A fara gwada wani aljihun, domin wanda wannan ya kasa karantawa sau da yawa wancan yana karantawa. Akwai kuma manhaja mai suna ddrescue, wadda take kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna, ta rubuta inda ta tsallake, sa'an nan ta dawo tana ta gwada wuraren da suka lalace, har ma kana iya canza aljihu ta ci gaba daga inda ta tsaya. Gara a rasa daƙiƙa goma a tsakiyar jawabi da a rasa jawabin. Sai bayan an kwashi abin da ya samu ne za a kai faifan wajen mai injin gogewa. Haka nan waɗanda suka sayi kyamarar nan mai ɗaukar ƙaramin faifai na santimita 8, idan kwamfuta ta nuna kamar ba komai a ciki, kada a jefar, kada kuma a yarda idan ta ce za ta share shi ta shirya shi. Galibi ba a rufe faifan ba ne bayan ɗauka, a nemi kyamarar ko irinta a rufe shi, hoton yana nan.

Wata magana da nake so 'yan kwamiti su riƙe: in kaset ɗin asali yana nan, shi ne uwa, ba faifan da aka juya daga gare shi ba. Kaset ɗin MiniDV yana ɗauke da wajen gigabait 13 a kowace awa, ana kuma iya kwashe shi ba ragi ta igiyar FireWire, ya fi kowane DVD da aka cire daga jikinsa. Ko VHS ma, in an kwashe shi da na'ura mai kyau, ya fi VCD ɗinsa. Masu juyawa da yawa a wancan lokaci suna cusa awa huɗu ko shida a faifan da ya kamata ya ɗauki biyu, domin kada su ba ka faifai uku. Sai dai kaset ɗin da ya yi funfuna kada a tura shi cikin na'ura, zai ɓata kansa ya ɓata na'urar, a kai wa wanda ya san aikin.

To, uwa ta samu. Yanzu sai na waya, domin ba wanda zai tura wa jikarsa gigabait huɗu. Manhajar HandBrake kyauta ce, ita nake ba da shawara. A zaɓi H.264, wanda aka tsara tun 2003 kuma kusan kowace waya da talabijin tana karanta shi. Akwai wani ma'auni a ciki mai suna RF, ƙaramar lamba tana nufin hoto mai kyau da babban fayil, masu manhajar sun ba da shawarar 18 zuwa 22 ga hoto irin na DVD, ni nakan tsaya a 18 ko 19. A bar girman hoton yadda yake. A bar saurinsa yadda yake, namu hoto 25 ne a daƙiƙa, na wanda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka kusan 30 ne, kada a mai da wannan wancan. A lura da fasali kuma, tsohon hoto mai kusan murabba'i kada a ja shi ya cika faffaɗar talabijin. Na taɓa ganin bidiyon da aka yi wa haka, malamin da muka sani siriri kamar sanda ya koma ƙato, baƙin da ke gefe biyu na allo ba laifi ba ne.

Abu ɗaya ne yake ba mutane wahala a nan. Kyamarorin da, saboda tsohuwar talabijin, suna raba kowane hoto gida biyu, layukan mara da layukan cika, suna nuna su bi da bi sau 50 a daƙiƙa. A waya ko kwamfuta sai ka ga gefen duk abin da ke motsi ya yi zara-zara kamar haƙoran mataji. HandBrake tana da wurin gyara wannan, a zaɓi Bwdif ko Yadif, a kuma sa ta fitar da hoto 50 a daƙiƙa, sai motsin masu rawa da dawakai ya fito sumul yadda yake a da. Wannan gyara a kan na waya ake yin sa, uwa a bar ta da layukanta. In za a tura wa wani ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba, ta haka ba ya matsewa, tun 2022 kuma yana karɓar fayil har gigabait 2.

Ana ta tallar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu mai da tsohon bidiyo tangaran. Na gwada su, a kan gini da itatuwa suna burgewa. A kan fuska kuwa ina da ja. Inda ɗigo bai isa ba, manhajar ƙirƙira take yi, ta ɗauko ido da haƙora daga dubban fuskokin da ta koya ta liƙa. Sai ka sami mutum kyakkyawa tsaf, amma ba mahaifinka ba ne. Wanda yake so ya yi don nishaɗi ya yi, amma kada ya ba jikoki a matsayin kamannin kakansu.

Saura wurin ajiya. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. Rumbun ajiya na waje mai terabait ɗaya yana ɗaukar faifan DVD kamar 200, ke nan kwalin yawancinmu ba zai cika rabinsa ba. A sayi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wajen ɗan'uwa a wani gari, saboda gobara da ambaliya da ɓarawo ba sa tambayar me ke cikin jaka. Faifan asali a mai da shi gidansa na roba mai tauri, a jera a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, shi ne na uku. Ma'ajiyar intanet tana da amfani, amma gigabait 15 da Google yake bayarwa kyauta faifai uku ne kawai, kuma in maigida ya rasu da kalmar sirri a cikinsa, an rufe ƙofa. Filashi da memori kuwa na kai saƙo ne, ba na ajiya ba. Cajin lantarki suke riƙewa, yana kuma zurarewa idan sun daɗe a ajiye, balle a zafi. Ga jabu sun cika kasuwa, an rubuta gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar kaya yana taka na farko. Manhajar H2testw tana tona asirinsu. Idan kuma filashi ya ƙi karɓar fayil da ya wuce gigabait 4 alhali akwai wuri, tsarinsa ne FAT32, a mai da shi exFAT kafin a zuba komai. Shi ma rumbun ba dawwamamme ba ne. A riƙa kunna shi ko sau ɗaya a shekara, a ce duk bayan babbar salla, a buɗe fayiloli a gani, bayan 'yan shekaru kuma a kwashe zuwa sabo. Kuma bayan kowace kwafewa a kalli farko da tsakiya da ƙarshe kafin a ce an gama.

Akwai asarar da ba ta shafi ɗigo ba. Fayil mai suna VTS_01_1 ba ya gaya wa kowa komai. A sa wa kowace jaka shekara da wata da abin da aka yi da garin da aka yi. A ɗauki hoton fuskar faifan da rubutun da ke kansa a ajiye a ciki. Sa'an nan a zauna da dattijon gida a kalla tare, a rubuta a takarda: minti na goma sha biyu, mai farar hula, wane ne, ɗan wane. Wannan aiki ba injiniya ne zai yi shi ba, mu ne, kuma lokacinsa ya fi na faifan ƙurewa. A bidiyon taronmu na farko akwai mutane a layin gaba da ni kaina ba zan iya kawo sunansu ba, amma na san a cikin malamanmu da ke zaune a nan akwai mai iyawa.

Duk abin da na faɗa a kan bidiyon gidajenmu ne da na ƙungiya. Fina-finan kasuwa suna da masu su, ba da yawuna wani zai je ya kwafe haƙƙin mutane ba.

Ranka ya daɗe shugaba, ga roƙona. A ba ni kwalin nan na sakatare, a haɗa ni da mutum biyu daga cikin matasan membobi, ƙungiya ta sayi rumbu biyu da aljihun faifai ɗaya, aikin hannu kuma na ɗauka kyauta. Za mu fara da VCD da kaset-kaset, DVD ya biyo baya. Rumbu ɗaya ya zauna a wajen sakatare, ɗaya a wajen ma'aji, tun da ba gari ɗaya suke ba. Duk wanda yake da faifai ko kaset na wani taronmu ko na ranar ba da kyaututtuka a gidansa, ya rubuta sunansa da shekarar a takarda ya saka a cikin gidan faifan, kada ya rubuta a jikinsa, ya miƙa wa wakilin ajinsu, za a mayar masa da abinsa tare da kwafi. A taron baɗi kuma ina neman a ware mana awa ɗaya bayan cin abinci, mu kunna mafi tsufa a cikinsu, malamai su zauna a gaba, sakatare ya riƙe biro.